Iska Ce Ke Rawa, Ba Idona Ba

Bagudo, ƙarshen kaka.

Zuwa ga Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare motar da za ta ɗauke ka, Ya ba direbanta natsuwa, Ya sauke ka Zariya lafiya lau da jikinka da hankalinka. Allah Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya kau da idon mugu daga kanka. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina ne da kai, shi ya sa ko sunan ban taɓa kamawa ba, sai dai Magaji. Abin da nauyin baki ya hana ni faɗa, alƙalami ba ya jin kunyarsa.

Innarka ta gaya mini abin da ka ce mata. Wai ba za ka hau motar ranar kasuwa ba, makarantar safiyo, ta koyon awon ƙasa, ta jira, domin idon ubanka ya fara tafiya kuma ba mai riƙe shago. To ka nemi wuri ka zauna, ka karanta wannan har ƙarshe, sannan ka je ka ɗaure akwatinka.

Da farko ka tuna ɗan wa kake. Karatuna bai wuce makarantar midil ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba, don tsohona ya makance dole na dawo gida. Ba wanda ya koya mini hoto. Tsohuwar kyamara na saya hannun wani akawu da aka yi wa canjin wurin aiki, na kwance ta na mayar har na gane cikinta. Wankin hoto daga wani ɗan littafin Faransanci na koya, harshen da ko gaisuwa ban iya da shi ba, zanen ciki kawai nake bi. Ɗakin wanke hoto na farko a garin nan da hannuna na gina shi, ni na toshe kowace kafa da haske ke shiga. Daga Bahindi zuwa Matsinkai, duk wanda ya tafi Makka ko ya shiga aikin gwamnati, fuskarsa ta bi ta hannuna. Fatake daga Dahomey suna tsallako iyaka su zauna a bencina. Ranar da aka ɗaga tutarmu ta 'yancin kai a garin nan, hoton da ke rataye a zauruka yanzu ni na ɗauke shi, a tsaye kan ganga. Ba wanda ya riƙe mini gangar ma.

Madubin hangen taurari kuwa, wanda mutanen gari suka laƙaba wa sunana suke kira igwar Bawa, kai shaida ne yadda ya zo. Wani falke ya kawo shi daga tsallaken iyaka, ya samo shi wurin wani Bafaranshe mai haɗa kayansa lokacin da mutanen Dahomey su ma suka karɓi ƙasarsu. Bututu ne kawai da gilasai, ba ƙafafu, ba takardar bayani. Ni na zana wa kafinta ƙafafun a ƙasa da tsinke, ni na nuna wa maƙeri zoben da zai riƙe kyamara a bayan ƙaramin gilashin da ake sa ido. Na faɗi duk wannan ne don ka san mutumin da ya yi waɗannan abubuwa shi ne kuma ya tafka shirmen da zan lissafa maka. Wanda ya koya wa kansa aiki, kurakuransa ma nasa ne shi kaɗai.

Ranar da na fara kafa shi, a tsakar gida ne bayan sallar asuba, kana barci. Na juya shi kan wani babban tauraro mai haske marar ƙyaftawa, wanda Malam Isa ladan, taubashina, ya ce mini sunansa Mushtari a littattafansu. Magaji, abin da na gani ba tauraro ba ne. Ƙwallo ne fari sol, da ratsi biyu a cikinsa kamar na saƙi, ga wasu ɗigo huɗu a jere gefensa kamar 'yan rakiya. Tas, kamar an zana da alƙalami. Nan take na ɗaura niyya sai na sa wannan abu a kan takarda, ya zama a Bagudo aka fara.

Daga wannan asuba ban sake ganinsa haka ba, har aka ci damina biyu. Duk sanda na sa ido, sai in ga ƙwallon yana motsi, gefensa yana narkewa, ratsin ya bayyana ya ɓace. Fim kuma in na wanke, sai wani farin tabo kamar an ɗiga kunu a baƙin zane.

Kuskurena na farko, na ɗora wa madubin laifi. Na kwance gilasan na wanke su, na sake wankewa, har na yi wa ɗaya ƙarzon da yake nan har gobe. Na tare falken a kasuwa na ce ya sayar mini da kayan da Bature ya yar. Bawan Allah ya rantse, ban saurare shi ba, muka yi shekara ba ma gaisawa sosai. Daga baya na je har rumfarsa na ba shi haƙuri, na ɗauke shi hoto da sabuwar rigarsa. Za a ba ka na'urorin awo a makarantar nan. In abu ya ƙi fita daidai, kada ka fara da sukurdireba, kada kuma ka fara da zargin mutum. Ka fara duba abin da ke tsakaninka da abin da kake kallo.

Na biyu, na hau soro. A tunanina duk wanda ya ƙara tsawo ya ƙara kusa da sama. Ka tuna yadda muka sha wahalar ɗora ƙafafun nan ta tsani, innarka tana salati a ƙasa. Ban lura ba cewa soron ƙasa yini yake yana shan rana, in dare ya yi sai ya riƙa amayar da zafin. Ga murhun gidanmu, ga na maƙwabta, ga masu bandar kifi a bayanmu da wutarsu ba ta mutuwa. Ni kuma don gaggawa, da an idar da isha'i, Mushtari yana leƙowa ta saman rufin mutane, sai in auna shi. Wato ta cikin numfashin gari gaba ɗaya nake kallonsa. Wurin da ya fi tsawo ba lalle ne ya fi gani ba. In ka je Zariya za ka ga masu son hawa sama da wuri. Ka bar su, kai ka nemi inda ƙasa ta huce.

Na uku ya fi ba ni kunya, don da 'yan kallo aka yi shi. An yi ruwa da la'asar, sama ta wanke, taurari suna ta walƙiya kamar an watsa gilashi. Na ce yau ce rana. Na aika aka kira hedimasta da malamin asibiti da wasu dattawa, aka shimfiɗa tabarma, innarka ta dama fura. Da na sa ido, ban taɓa ganin muni irin na ranar ba. Sai na fake da cewa kyamara ce ta sami matsala, aka sha fura aka watse. Yanzu na sani: ƙyaftawar nan da taurari ke yi, wadda ke burge mutane, ita ce alamar sama ba ta zauna ba. Daren da ya fi kyau ga mai hoto shi ne wanda ba ya ɗaukar ido, iska ta kwanta, taurari sun yi shiru kamar masu jin barci. Haka mutane ma suke, amma wannan kai za ka gano da kanka. Abin da zan ce kawai, kada ka tara jama'a kan abin da ba ka gwada kai kaɗai ba.

Akwai ƙanana da yawa. Ina sa gilashin da ya fi ƙara girma saboda haɗama, alhali ƙara girman abu mai rawa ƙara girman rawar ne. Ina fito da bututun daga ɗaki mai zafi in hau aiki nan take, ban bar shi ya sha iskar waje ba. Ina danna kyamara da yatsa, duk abin ya girgiza. Maganin wannan na ƙarshen a madafin innarka na samo shi. Sai in rufe bakin bututun da faifai ba tare da ya taɓa shi ba, in buɗe kyamara, in jira girgizar ta mutu, in janye faifan in mayar da sauri kamar ƙyaftawar ido. Har yau tana cigiyar faifan nan. Kada ka gaya mata.

Yanzu ga babban, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan ni da kai muka yi shi tare.

Ba ka san kakanka da ido ba, a makaho ka same shi. Ni na san yadda abin ya fara. Da dundumi ya fara, in magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, da rana kuwa garau. A hankali ranar ma ta tafi, kamar yadda ta tafi wa mutane da yawa a ƙauyukan bakin Kwara. Ni na riƙe masa sanda. Saboda haka da na ga abin da na taɓa gani tas ya koma dishi-dishi, kuma da dare ne, sai zuciyata ta fara raya mini abin da ba na so in ji. Tabon da ke fita a fim ma na ce ai idona ne ya kasa saita gilashi.

Wata rana bayan isha'i a kan soro na ce maka, “Magaji, zo ka duba mini. Yaya kake ganinsa?”

Ka sa ido ka daɗe. Sannan ka ɗago ka ce, “Tas yake, Baba.”

Na ce, “Ratsin fa?”

Ka ce, “Ga su nan, Baba. Madubin nan ba irinsa.”

Na sauko daga soron nan. Yaro mai sabon ido ya ga tas, ni na ga hazo, to me ya rage? Ban gaya wa kowa ba. Na riƙa murza ido, ina rufe ɗaya ina gwada ɗaya a kan kalandar shago. Na fara koya maka haɗa ruwan wankin hoto da gaggawa, ina yi maka faɗa in ka yi kuskure, don ina ganin lokaci ya ƙure mini. Kai kuma kana kallona kana haɗa naka lissafin. Ranar da na yi tuntuɓe a zaure, na ga yadda kuka kalli juna kai da innarka. To bari in gaya maka yau, takalmi ne ƙanenka ya bari a bakin ƙofa, mai ido huɗu ma sai ya faɗi.

Wanda ya cece mu Malam Isa ne, da bakinsa marar linzami. Ya shigo wata rana yana cewa, “Ina mai igwa? An harbo watan ko tukuna? Mu dai a bar muna na azumi.”

Na ce, “Hau ka gani, in tsufa zai bar ka ka taka tsani.”

Ya hau yana nishi yana zagin kafintan da ya yi tsanin. Ya sa ido, ko minti bai yi ba ya ce, “Bawa, wanga abu ne ka hana kanka sukuni a kai? Ai wake ne cikin tukunya, tafasa yakai.”

Na ce, “Me ka ce?”

“Na ce rawa yakai. Kamar kwabo a gindin rijiya an jefa guga.”

“Kai ma haka ka gani?”

“To idon nawa na aro ne? Ni da ke ganin jinjirin wata kafin kowa a garin ga?”

Na ce, “Magaji ya ce tas yake ganinsa.”

Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙafar madubin, na buge masa hannu. Ya ce, “Magaji ɗanka ne, kuma yaron kirki ne. Kai da ka cika gari da labarin igwarka, shi ne zai dube ka ya ce ba ta nuna komi? Ko baƙin jaki ka nuna mishi ka ce fari ne, cewa zai yi Allah Ya ƙara mishi haske.”

Na zauna daɓas a kan soron. Dariya ta zo mini, wani abu kuma ya taho tare da ita wanda ba dariya ba, har Malam Isa ya kau da kai. Innarka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Ya ce mata, “Lafiya lau, Hajo. Mijinki ne ya warke daga ciwon da bai kamu da shi ba.”

Amma ni ba a gamsar da ni da baki. In ba madubi ba ne, ba idona ba ne, to mene ne? Amsar a hanyar Kamba na same ta, na je karɓo fim. Da tsakar rana ina gaban mota, sai na ga kawalwalniya a kan hanya, itatuwan nesa suna rawa, gindinsu yana narkewa, wani raƙumi can gaba kamar yana tafiya a kan ruwa. Na ce wa kaina, Bawa, ka ga Mushtarinka. Raƙumin nan lafiyarsa ƙalau, idonka lafiyarsa ƙalau, iska mai zafi ce ke tashi tsakaninku. Ashe kawalwalniya ba ta kwana da rana, tana nan da dare, ido ne ba ya kama ta sai an ƙara mata girma da gilashi. Ba wanda ya faɗa mini wannan, ba a littafi na gani ba. A gaban motar gyaɗa na gano shi, da buhu a kan cinyata.

Da na gaya wa Malam Isa cewa iska ce, ya ce ai mutanen gari sun daɗe da faɗar iska ce ke damuna. Ka ji irinsa.

Na jira har Mushtari ya koma fitowar asuba. Na sauke madubin daga soro, na kai shi bayan gari gefen fadama, inda ba rufi ba murhu, sai ciyawa mai raɓa. Na bar shi a bukkar mai gadin lambu ya kwana yana shan sanyi. Ranar da ka ga na fita masallaci da kyamara a cikin riga, can na nufa bayan an sallame. Gabas ta fara fari, ko ganye ba ya motsi, tauraron yana can tsakar ka, inda iskar da ke tsakaninmu ta fi sirantaka. Na sa ido. Yana ɗan motsi kaɗan, kamar numfashin mai barci. Na jira. Wannan ma darasi ne, sama ba ta ba ka kyautarta a jere, sai dai ta ɗan tsaya, ta sake motsi, ta ɗan tsaya. Can sai ta tsaya cak.

Magaji, ga ratsin nan biyu, har da wasu sirara da ban taɓa gani ba. Kuma a kan farin ƙwallon ga wani baƙin ɗigo, ƙanƙane kamar kan allura, gefensa a yanke tsaf. Inuwar ɗaya daga cikin 'yan rakiyar nan ce ta faɗa a kansa. Na rufe idon dama na duba da na hagu, yana nan. Na sauya, yana nan. Mutumin da idonsa ke mutuwa ba ya ganin inuwa mai girman kan allura a wata duniya. Na yi sujada a kan ciyawar nan, goshina ya jiƙe da raɓa, sannan na tashi na ɗauki faifai.

Fim guda na ƙarar a safiyar. Yawancinsu tabon kunun nan ne dai, don ba kowane janye faifai ke dacewa da tsayawar iska ba. Amma a ciki akwai wanda ya dace. Shi ne wanda ka gani a cikin ambulan ɗin nan. Na sani bai fi ƙwayar wake ba, inuwar ma ba ta fito ba, fim bai kai ido ba. Amma ka kai shi bakin taga ka duba, ratsi biyu suna nan, ba mai musu.

Don in rufe bakin innarka, da na je Birnin Kebbi sayen takardar hoto na biya aka duba ni. Na gaya wa likitan abin da zai gani tun kafin ya haska fitilarsa. Ya ce tabarau na karatu kawai nake bukata, kamar kowane mai shekaruna. Da shi nake rubuta maka wannan, kuma ya yi mini kyau.

To ga nasihar, ita ce gaba da duk sauran. Ban ce ka yi mini ƙarya ba. Ladabi ka yi, irin wanda muka koya maka, kuma na san don kada ka karya mini zuciya ne. Amma ka ga inda ladabin ya kusa kai mu: ni ina shirin makanta, kai kana shirin ajiye karatunka, duk a kan kalma ɗaya. Aikin da za ka koya aikin sa ido a gilashi ne, ka faɗi abin da ka gani, a kansa za a yanka gonakin mutane, a ja hanya, a kafa iyaka. Wata rana babba zai tsaya a bayanka, wanda kake jin nauyinsa kamar yadda kake jin nawa, ya ce yaya ka gani, kai kuma ka san amsar da yake so. Ka rusuna, ka sassauta murya, ka ce ranka ya daɗe, sannan ka faɗi abin da ke cikin gilashin. In rawa yake, ka ce rawa yake. Ni ma nawa laifin na gane shi: na yi ta yabon madubin nan har na toshe maka hanyar faɗin gaskiya, kuma na ɓoye tsorona a gidan da nake da mata mai hankali da ɗa mai tausayi. Kada ka gaje ni a wannan.

Shago yana hannuna, kuma zai daɗe a hannuna in Allah Ya so. Ban gina shi don ya zama turken ɗaure ka ba. Ka hau motar nan. In ka ƙi, ni da kaina zan ɗora ka a kan buhunan, kuma zan gan ka sarai duk inda ka ɓuya.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa rubuto wa innarka ko layi biyu ne, ni zan karanta mata. Kada ka yi wanka a kogin da ba ka sani ba. In ka tashi asuba a can ka ɗaga kai, Mushtari ɗaya ne da na Bagudo, ni ma ina gefen fadama ina kallonsa. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka tun kafin ka tafi, Malam Isa ya ce a gaya maka ka dawo da ido mai faɗin gaskiya ko don ya huta da hawa tsani. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka dare da rana, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai muna masu ganinka da idanunmu. Amin summa amin.

Saura abu ɗaya, kuma wannan umarni ne. Hoton nan ka nuna wa malaminku, na ji an ce masu safiyo suna aiki da taurari, zai san abin da yake kallo. In ya ce zai manna shi a bango, ko ya sa a wata mujallar makaranta, ko ya aika wa wasu, ban hana ba. Amma kada a kuskura a rubuta “wani mai hoto daga lardin Sakkwato”. Ba wani ba ne ya jiƙe da raɓa. Ka tsaya a kansu har sai an rubuta shi cikakke a ƙasan hoton, da tawada, ba da fensir ba. Sunan tsakiyar na kakanka ne, wanda bai samu ya ga wannan ba, kuma naka ne, wanda bakina bai taɓa kamawa ba. Yau ga shi na rubuta, ka duba yadda ake jera shi:

Bawa Sanda Mai Hoto, Bagudo.